Sanƙarau: Tarihin Annobar Rani a Nijar da Maƙwabtanta

Akwai cututtukan da ba ruwansu da lokaci, akwai kuma waɗanda suke da watanninsu. Zazzaɓin cizon sauro ɗan damina ne. Sanƙarau kuwa ɗan rani ne. Yakan fara leƙowa sa'ad da hunturu ya kankama, wajen Disamba ko Janairu, ya yi ƙarfi cikin zafin Maris da Afrilu, da zarar ruwan farko ya sauka kuma sai ya ja da baya. Kakanninmu sun lura da haka. Sunan da suka ba shi ma ya isa bayani, gama wuyan majiyyaci ne yake sanƙarewa, har ba ya iya sunkuyar da kai haɓarsa ta taɓa ƙirji.

Fiye da shekara ɗari ke nan wannan ciwo yana zagayo ƙasar Nijar da maƙwabtanta, watau arewacin Nijeriya, da Cadi, da Burkina Faso, da Mali, da arewacin Binin. Ba ya tsayawa a bakin iyaka. In ya tashi a Damagaram, mutanen Jigawa sai su shirya. In ya tashi a Sakkwato, mutanen Dosso da Tawa ba su da sauran barci. Shi ya sa tarihinsa tarihinmu ne duka, ya kuwa kamata mu san shi.

Abin da yake faruwa cikin jiki

Ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya suna lulluɓe cikin wani tantani marar kauri, ruwa garau kuma yana zagaya su. Sa'ad da ƙwayar cuta ta kai wurin nan, tantanin ya kumbura, ruwan ya gurɓace, shi ne sanƙarau. Ƙwayoyi iri-iri suna iya jawo shi, amma wadda take ta da manyan annobai a ƙasashenmu ita ce likitoci suke kira meningokokus. Wani likita mai suna Vieusseux ne ya fara bayyana annobar a birnin Janiba a shekarar 1805. A 1887 kuma Anton Weichselbaum, a birnin Biyana, ya gano ƙwayar cikin ruwan ƙwaƙwalwar waɗanda ta kashe.

Gidan wannan ƙwaya maƙogwaron mutum ne. Ba ta zama cikin dabba, ko rijiya, ko ƙasa. Ko a shekarar lafiya, cikin mutum ɗari ana iya samun biyar ko goma suna ɗauke da ita a bayan hanci da maƙogwaro, ba su sani ba, ba ta kuwa yi musu kome. A lokacin annoba masu ɗauke da ita sukan kai kashi ɗaya cikin huɗu. Tana ratsawa daga wannan zuwa wancan ta tari, da atishawa, da kwana ɗaki ɗaya. A jikin yawancin mutane takan zauna 'yan makonni ko watanni, jiki ya gane ta, ta wuce. Kaɗan ne take huda fatar maƙogwaronsu ta shiga jini. In ta shiga kuwa, ba ta ɓata lokaci. Yaron da ya yi wasa da safe yana iya suma kafin dare. Idan ba a yi magani ba, rabin waɗanda suka kamu, ko fiye, sukan mutu. Ko da magani ma, wajen ɗaya cikin goma yakan rasu, sau da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu na fari.

Ƙwayar tana sanye da riga ta wani irin sukari, wadda take kare ta daga dakarun jini. Rigunan iri-iri ne, da su aka raba ƙwayar gida-gida, aka sa musu haruffa: A, B, C, W, X da Y. Mai karatu ya riƙe wannan, gama labarin da ke gaba duk ya rataya a kan haruffan nan. Garkuwar da jiki ya yi domin mai riga A ba ta tsare shi daga mai riga C.

Inda bango ya tsage

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Bango na fari shi ne damshin hanci da maƙogwaro. Iskar hunturu busasshiya ce, tana ɗauke da ƙura mai laushi, wadda da yawanta take tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi. Ƙura da zafi sukan busar da fatar maƙogwaro su raunana ta. Mura da tari, da hayaƙin itacen girki cikin ɗaki, suna ƙara rauni a kan rauni. Ga shi kuma sanyin dare yakan tara mutane da yawa ɗaki guda, an toshe taga. Binciken da aka yi a Nijar ya nuna ciwon yakan ƙaru bayan kwanakin ƙura mai yawa da zafi mai tsanani. In damina ta faɗi, iska ta yi laima, ƙwayar tana nan tana yawo a maƙogwaron mutane, amma ba safai take samun ƙofar shiga jini ba. Da rani mai zuwa sai ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Bango na biyu shi ne garkuwar jini. Jariri yakan zo duniya da guzurin garkuwa daga mahaifiyarsa, nono kuma yana ƙara masa. Guzurin yakan ƙare wajen wata shida, alhali nasa bai gama ginuwa ba. Saboda haka ƙananan yara suke cikin haɗari. A manyan annobai, 'yan makaranta da samari da 'yan mata ma sukan faɗi da yawa, domin suna cuɗanya sosai. Tamowa, watau ramar rashin abinci mai gina jiki, tana rage ƙarfin yaro gaban kowace cuta. Ƙyanda ma haka take. A 2019 masu bincike suka tabbatar cewa ƙyanda tana shafe wani kashi na garkuwar da yaro ya riga ya tara, har jikinsa ya manta cututtukan da ya taɓa sani. Ita ma kuwa 'yar rani ce.

Akwai waɗanda bangonsu a tsage yake rani da damina. Saifa ita ce matatar da take kama ƙwayoyi masu riga ta fid da su daga jini. Yaron da aka haifa da amosanin jini, watau sikila, saifarsa takan lalace tun yana ƙarami. Babbar abokiyar gabarsa ita ce ƙwayar ciwon huhu, numokokus, wadda ita ma takan jawo sanƙarau, mai kisa ma fiye da na annoba. Wani gwaji da aka bayyana sakamakonsa a Amurka a 1986 ya nuna cewa ba irin waɗannan yara penisilin kowace rana ya rage kamuwa mai tsanani da kashi 84 cikin ɗari. Haka kuma mai ƙanjamau wanda garkuwarsa ta faɗi ƙwarai yana iya kamuwa da wani sanƙarau dabam, na wata ƙwaya dangin funfuna, mai zuwa a hankali da ciwon kai na makonni. Ƙwayar tarin fuka ita ma takan hau ƙwaƙwalwa, musamman a jikin yara da raunana.

Zuwansa ƙasashenmu

Labari na fari da aka rubuta game da sanƙarau a Afirka daga Aljeriya yake, a 1840, cikin sojojin Faransa. A Afirka ta Yamma kuwa, likitocin Turawa sun ba da rahoton annoba a 1905 a Zungeru, inda hedkwatar Ingilishi ta arewacin Nijeriya take a lokacin, da kuma Yola. Cikin shekaru uku da suka biyo baya ta bi yamma, ta ratsa ƙasashen da Faransa take mulki, har ta kai arewacin ƙasar da ake kira Gana a yau. A 1921 ta sake tasowa. A lardin Sakkwato kaɗai an ƙiyasta mutum fiye da 45,000 sun mutu. Daga nan ta riƙa dawowa bayan shekara biyar zuwa goma sha biyu: cikin shekarun 1930, da wajen 1950, da farkon shekarun 1960.

A zamanin nan na fari babu magani. Abin da masu mulki suka iya shi ne tsare hanyoyi, da hana cin kasuwa, da ware marasa lafiya a bukkoki bayan gari. Wannan bai hana yaɗuwa ba, kuma yanzu mun san dalili. Ana tsare mai ciwo ɗaya, masu lafiya ɗari da suke ɗauke da ƙwayar a maƙogwaro suna wucewa abinsu.

A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya tattara rahotannin shekaru masu yawa ya buga su ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Ya nuna cewa annobar tana da yankinta, wani dogon ziri kudu da Hamada, inda ruwan sama na shekara yake tsakanin milimita 300 da 1,100. Tun daga lokacin ake kiransa zirin sanƙarau. Yau ana lissafa ƙasashe 26 a cikinsa, daga Sanagal zuwa Habasha. Kudancin Nijar, inda mafi yawan mutanen ƙasar suke zaune, yana tsakiyarsa sosai.

Magunguna na fari

Gab da Yaƙin Duniya na Biyu aka fara gwada magungunan salfa a Sudan, mace-mace suka ragu ƙwarai. Kusan shekara talatin salfa ce dogaron likitoci a zirin, har ƙwayar A ta saba da ita wajen ƙarshen shekarun 1960, ta daina jin ta. Penisilin tana aiki, amma tana bukatar allura sau da yawa kowace rana, abin da ba ya yiwuwa inda ma'aikaci ɗaya yake duba mutum ɗari a ƙarƙashin rumfa. Cikin shekarun 1970 likitocin Faransa suka kawo wata dabara, watau kuloramfenikol da aka dama da mai, wanda allura ɗaya takan wadatar ga yawancin majiyyata. Ta ceci rayuka masu yawa a karkara. A 2003 aka yi gwaji a jihohin Maraɗi da Damagaram a kan majiyyata wajen ɗari biyar, aka ga allura ɗaya ta seftiriyakson ba ta gaza ta kuloramfenikol ba. Seftiriyakson ne babban maganin ciwon a yau. Ashe yaran Maraɗi da Damagaram suna da hannu cikin abin da duniya ta koya.

Rigakafi mai zuwa a makare

A 1969 Emil Gotschlich da abokan aikinsa a Amurka suka yi allurar rigakafi ta fari mai aiki, daga sukarin rigar ƙwayar. Sa'ad da annoba ta auka wa Barazil a 1974, kamfanin Mérieux na Faransa ya yi ta da yawa, aka yi wa mutum fiye da miliyan 80 allura a 1975. Wannan ya ba Afirka bege.

Amma allurar tana da rauni uku. Jikin yaron da bai kai shekara biyu ba ba ya amsa sukari zalla sosai, saboda haka ba ta tsare waɗanda suka fi bukata. Kariyarta takan dushe bayan shekara biyu ko uku, gama jiki ba ya ajiye ta cikin tunaninsa. Na uku, ba ta share ƙwayar daga maƙogwaro, saboda haka wanda aka yi wa allura yana iya ci gaba da raba ta ga waɗansu. Don haka ba a sa ta cikin alluran jarirai ba. Sai a jira annoba ta tashi, a ƙidaya masu ciwo mako-mako, in sun wuce ƙa'ida a aika neman allura. Kafin ta iso daga Turai, a kai ta ƙauyuka cikin sanyi, sau da yawa annobar ta riga ta ci rabin cinta. Kamar mai haƙa rijiya ne bayan gobara ta kama.

Shekarun 1995 da 1996

A 1987 wani sabon reshe na ƙwayar A ya ɓulla a Makka lokacin aikin hajji, ya bi matafiya zuwa ƙasashe da yawa. Ya ta da annoba a Cadi da Sudan a 1988, da Habasha a 1989. A 1995 ya kai Nijar da ƙarfi. Mutum fiye da 40,000 suka kamu, fiye da 3,000 suka mutu.

A cikin wannan masifa wata ta auku. Cikin gudummawar da ta zo daga Nijeriya akwai allurai 88,000 masu ɗauke da sunayen manyan kamfanonin Turai. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura garin maganin ba ya narkewa yadda ya kamata. Da aka bincika, sai aka tarar jabu ne, babu magani a ciki, kamfanonin kuma suka tabbatar ba aikinsu ba ne. Kafin a gane, an riga an yi wa mutum kimanin 60,000. Sun koma gida suna tsammani sun tsira.

Shekarar 1996 ta fi kowace muni cikin waɗanda aka rubuta. Nijeriya ta ƙidaya mutum 109,580 da suka kamu, 11,717 suka mutu. Burkina Faso ta ƙidaya fiye da 40,000. A 1996 da 1997, a zirin duka, an sami masu ciwo fiye da 250,000 da matattu wajen 25,000. A Kano cututtuka uku ne suka haɗu lokaci ɗaya, sanƙarau da ƙyanda da amai da gudawa. A shekarar nan Saudiyya ta hana maniyyatan Nijeriya zuwa hajji.

A Kanon ne kuma kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a asibitin cututtuka masu yaɗuwa. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi seftiriyakson. Goma sha ɗaya suka mutu. Iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi. Aka yi ta shari'a har 2009, sa'ad da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan labari yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa ambata a 2003, lokacin da waɗansu jihohin arewa suka dakatar da rigakafin shan inna. Amana in ta karye, cuta ce take cin riba.

Abu mai kyau ɗaya ya fito daga shekarun nan. A 1997 Hukumar Lafiya ta Duniya, da UNICEF, da MSF, da ƙungiyar agaji ta Red Cross suka kafa rumbu ɗaya na allura da magani, domin a riƙa aika wa ƙasar da annoba ta tashi ba tare da dogon jira ba.

Allurar da aka yi domin Afirka

Masana sun riga sun san hanyar gyara raunin tsohuwar allura. In aka ɗaure sukarin rigar da wani sinadari mai gina jiki wanda garkuwa take ganewa da sauri, jikin jariri ma yakan amsa, ya riƙe tunaninta shekaru, ya kuma share ƙwayar daga maƙogwaro. Ingila ta fara amfani da irin wannan allura domin ƙwayar C a 1999. Amma ba wanda ya yi ta domin A, gama A ciwon matalauta ne, ba kasuwa a cikinsa.

A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka kafa shiri na musamman domin wannan, da kyautar dala miliyan 70 daga gidauniyar Bill da Melinda Gates. Shugaban shirin, Dokta Marc LaForce, ya fara da zagaya ƙasashen zirin yana tambayar hukumomin lafiya. Wani babban jami'in ma'aikatar lafiya ta Nijar ya gaya masa cewa allurar da ƙasa ba za ta iya saya ba ta fi rashin allura muni. Daga irin wannan shawara aka tsai da farashi: kada ta wuce rabin dalar Amurka. Manyan kamfanoni ba su yarda da farashin ba. Sai aka haɗa hannu uku. Wani kamfani a Holan ya ba da sukarin, masanan hukumar magunguna ta Amurka suka ba da dabarar ɗaurewa, kamfanin Serum Institute na birnin Pune a Indiya ya ɗauki aikin yi. Sinadarin da aka ɗaure sukarin da shi kuwa shi ne na allurar ciwon sarƙe haƙora. Aka gwada ta a Indiya, da Mali, da Gambiya, da Sanagal, da Gana. Aka sa mata suna MenAfriVac.

A watan Satumba 2010 aka fara a 'yan gundumomi, cikinsu har da Filinge a Nijar. Ran 6 ga Disamba 2010 aka ƙaddamar da ita a Wagadugu. Cikin kwana goma Burkina Faso ta yi wa mutum fiye da miliyan 11, 'yan shekara 1 zuwa 29. Kafin ƙarshen watan, a Burkina Faso da Mali da Nijar, an kai kusan miliyan 20. Nijeriya da Cadi da Kamaru suka fara a 2011.

Cadi ce ta ba da shaida mafi bayyana. A Disamba 2011 aka yi wa mutum miliyan 1.8 a Injamena da kewayenta, sauran yankuna suna jiran nasu. Da ranin 2012 annoba ta ci gaba a inda ba a yi ba, amma a inda aka yi ciwon ya ragu da kashi 94 cikin ɗari. A 2012 kuma aka nuna a Banikowara, arewacin Binin, cewa allurar tana jure zafi har awo 40 na kwana huɗu ba tare da ƙanƙara ba, abin da ya sauƙaƙa kai ta ƙauyuka masu nisa. Daga baya ƙasashe suka sa ta cikin alluran yara na yau da kullum, Nijar a 2017, Nijeriya a 2019. An yi wa mutum fiye da miliyan 350. Tun bayan 2017 ba a sake tabbatar da sanƙarau na A a zirin ba. Ƙwayar da ta fi kowace cika maƙabartu a zirin nan ta kwanta cikin shekara bakwai.

Sauran haruffa

Amma A ba ita kaɗai ba ce. Tun 2002 ƙwayar W ta ta da annoba a Burkina Faso, mutum wajen 13,000 suka kamu. A 2006 X ta bayyana a Yamai da yammacin Nijar, ba ta kuwa da allura ko ɗaya a lokacin. A 2013 wani sabon reshe na C ya ɓulla a jihar Sakkwato, ya bi Kabi. A 2015 ya shiga Nijar, ya kama mutum wajen 8,500, ya kashe 573, mafi yawa a Yamai da Dosso. Aka rufe makarantun Yamai na 'yan kwanaki a watan Afrilu. Allura ta yi ƙaranci, iyaye suka yi ta neman ta kantunan magani, masu jabu kuma suka sake samun kasuwa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da gargaɗi. A ranin 2016 zuwa 2017 C ta tashi daga Zamfara, ta kama fiye da 14,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 1,100. A ƙarshen 2022 ta tashi a Damagaram, ta ƙetara Jigawa.

Amsar wannan ita ce allura mai haɗa haruffa biyar, A, C, W, X da Y, wadda PATH da Serum Institute suka sake haɗa hannu suka yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Yuli 2023. Nijeriya ce ta fara amfani da ita a duniya, a Maris 2024, a jihohin Jigawa da Bauci da Yobe. Nijar ta bi baya a shekarar. Tun 2020 ƙasashen duniya suka amince da shirin kawar da annobar sanƙarau kafin 2030. Alluran da suke tsare jarirai daga sauran ƙwayoyin sanƙarau, har da numokokus, su ma suna cikin katin rigakafin yara a Nijar da Nijeriya.

Waɗanda suka tsira

Lissafin annoba yakan tsaya a kan matattu, amma akwai waɗanda suka tashi da tabo. Wajen ɗaya cikin biyar na waɗanda suka warke yakan rage da lahani: kurumta, ko farfaɗiya, ko shanyewar gaɓa, ko nauyin fahimta. Gidan ma yakan jikkata. Binciken da aka yi a Burkina Faso bayan annobar 2006 zuwa 2007 ya nuna majiyyaci ɗaya yakan ci wa iyali kimanin dala 90, watau wajen sulusin abin da mutum yake samu a shekara a ƙasar. Akuya da hatsin iri ne suke tafiya.

Kurumta ce lahanin da aka fi gani. Yaron da ya kurumce yana da shekara uku yakan rasa maganar da ya fara koya, mutane su ɗauka hankalinsa ne ya taɓu, alhali kunne ne kawai. A nan ya kamata a tuna da Andrew Foster, baƙar fatan Amurka, wanda aka haifa a 1925. Sanƙarau ya kurumtar da shi yana da shekara goma sha ɗaya. Ya yi karatu har ya zama baƙar fata na fari da ya sami digiri a kwalejin kurame ta Gallaudet, a 1954. Ya zo Afirka a matsayin mishan, ya buɗe makarantar kurame a Akara a 1957, da wata a Ibadan a 1960. Kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987, ya kafa makarantu fiye da 30 a ƙasashe 13, cikinsu har da Cadi, da Kamaru, da Binin, da Burkina Faso. Rayuwarsa ta isa amsa ga duk mai cewa yaron da sanƙarau ya kurumtar ya gama amfani.

Abin da ya rage a hannunmu

Tarihin nan ya nuna cewa magani da allura suna aiki in sun zo da wuri, in kuma na gaskiya ne. Saura namu. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai mai tsanani, da amai, da ƙin haske, da sanƙarewar wuya, ko ruɗewa, ba ciwon da za a kwana da shi a gida ba ne. A jikin jariri wuya ba lalle ya sanƙare ba. A duba ƙin nono, da kuka marar tsayawa, da yawan barci, da jijjiga, da kumburin maɗiga. Lokacin da za a ɓata wajen ƙaho ko jiƙo shi ne lokacin da allura take iya ceto. In likita ya nemi ɗibar ruwa daga gadon baya, kada a hana shi. Ruwan nan ne yake nuna wace ƙwaya ce, da shi kuma hukuma take sanin wace allura za ta aiko wa garin.

Allurar rigakafi kuwa a karɓe ta daga hannun ma'aikatan lafiya na hukuma ko asibitin da aka sani, kada a saye ta a kasuwa kome tsoro. A cika katin yaro, har da allurar ƙyanda. Yaro mai sikila, da mai tamowa, da mai shan maganin ƙanjamau, zazzaɓinsu ba ya jiran gobe. Wanda ya warke daga sanƙarau kuma a gwada jinsa kafin wata ya cika, in ya kurumce a nema masa makaranta.

An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Idan muka ji labarin sanƙarau a ƙetaren iyaka cikin watan Fabrairu, lokaci ya yi da iyaye mata a unguwa, da malaman makaranta, da shugabannin jama'a za su fito da katunan yara su duba abin da ya rage, tun ƙura ba ta kai ƙofarmu ba.